Esin mota ya daina sanyi: kafin a ce gas ne ya ƙare

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan fari, babu gyaran da masu motar gida ke nema a ƙasar Kano da Jigawa kamar na esi. Zafi kan haura digiri 40 a Haɗeja da Gumel da Maigatari, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko mai jego da jaririnta daga asibiti da azahar a watan Afrilu ya san ba maganar gayu ake yi ba. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin da ake zubawa a wannan gyara asara ce. Mutum zai tsaya wurin mai gyara ya ce mota ba ta sanyi, kafin ya rufe baki an ce masa, "Alhaji, ai gas ne ya ƙare." A ɗura masa gwangwani biyu, ya kara hannu ya ji sanyi, ya biya ya tafi. Bayan mako biyu an koma gidan jiya.

Gas ɗin esi ba kamar fetur yake ba, ba ƙonewa yake yi ba. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma motar da ba ta da yoyo takan yi shekaru da shi ba a taɓa ba. Idan ya ragu, wani wuri ya bi ya fita. Wanda ya ƙara gas bai nemo wurin ba, cinikin gas kawai ya yi, bai yi gyara ba. Wani lokacin ma gas ɗin yana nan cif, laifin na wani abu ne dabam, sai ƙarin da aka yi ya jawo sabuwar matsala a kan tsohuwa.

Kafin a gane inda cuta take, sai an san yadda abin ke aiki yana lafiya. Kowa ya san dalilin da ruwan randa ke yin sanyi: ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ja zafi daga abin da ke kusa da shi. Haka esi yake yi, illa shi ba ya barin tururin ya tsere. Sinadarin da ke cikin yawancin motocinmu, R134a, yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba. Kwamfiresa, wadda bel ke juyawa daga injin, ita ke matse shi yana iska har ya yi zafi ƙwarai, ta tura shi kwandensa, wato faifan da ke gaban lagireto. A nan iskar waje ke kwashe zafin har ya koma ruwa. Ya bi ta diraya, inda ake tace shi a tsotse damshi, sannan ya kutsa ta wata 'yar ƙofa ƙarama ya faɗa faifan sanyi da ke ɓoye a cikin dashbod. Da matsi ya sake shi sai ya tafasa, ya ja zafin iskar cikin mota, fanka ta huro maka abin da ya rage. Daga nan ya koma kwamfiresa. Ke nan esi ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi yake yi daga ciki yana zubarwa a gaban mota. Idan wurin zubarwar ya toshe, ko gas ya cika fal ba za a ji komai ba.

A karkara kuwa wurin zubarwar nan ne ke fara toshewa. Motar da ke bin hanyar burji tana shan ƙurar hunturu wata uku ko huɗu. Da kaka ana ajiye ta kusa da inda ake sussuka da casa, ƙaiƙayin gero da na shinkafa na shiga ta hancinta. Ga ƙwarin damina, ga 'ya'yan ciyawa. Ka leƙa ta gaba ka ga kwandensa kamar ba laifi, amma idan aka ɗan kwance aka haska tocila tsakaninta da lagireto, sai a tarar da dattin ya dunƙule ya yi kauri, ya rufe fiye da rabin faifan. Alamar wannan ba ta ɓuya: mota na gudu a kan kwalta akwai sanyi, da an shigo cunkoson kasuwar Wudil ranar Juma'a ana tafiyar hawainiya sai ya ɗauke. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A bar mota tana silo da esi a kunne, a ɗauko buta a zuba ruwa a hankali a kan kwandensa. In cikin minti ɗaya ko biyu iskar ciki ta ƙara sanyi sosai, to gas bai da laifi, iska ce ba ta ratsawa. Ko dai datti ne, ko fanka. Fankar kan mutu, ko ta yi rauni tana juyawa ba ƙarfi, ko kuma a canja ɗan injin da ke juya ta a juya wayoyinta ta koma tura iska gaba maimakon ta jawo ciki. A kara takarda a gaban kwandensa: in fanka na aiki daidai takardar za ta manne. Wajen wankewa kuma a yi hattara da injin wankin mota mai ƙarfin feshi, domin yana lanƙwashe siraran haƙarƙarin faifan ya ƙara toshe shi. Ruwa mai sauƙi daga bayan faifan zuwa waje ya fi.

Kusa da wannan akwai motar da ke obahitin da zarar an kunna esi. Sau da yawa lagireto ce ta cika da gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse da aka shekara ana ɗura mata. Motocin da ke da kwamfuta kan yanke kwamfiresa da kansu idan injin ya yi zafi, don su cece shi. Mai mota sai ya ɗauka esi ne ya lalace, alhali injin ne ke neman agaji.

Idan kuma iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, a duba filtar cikin mota, wadda a yawancin Toyota da Honda take bayan akwatin da ke gaban fasinja. Akwai motocin da tun shigowarsu daga Kwatano ba a taɓa cire ta ba. Ɓeraye ma kan yi sheƙa a cikin fankar ciki, musamman in ana kwana da mota kusa da rumbu, su kuma gwaguye waya.

Daga nan sai kunne da ido su koma kan kwamfiresa. A buɗe bonet, wani ya danna maɓallin esi. Ya kamata a ji ƙas, a ga faifan tsakiyar fule ya kama yana juyawa tare da bel. In bai kama ba, kafin a zargi kwamfiresa a duba fiyus da rile, abubuwa ne masu araha, kuma mai wayarin na kowane gari zai iya. Akwai wata alama da ke sa mutane sayen kwamfiresa ba gaira ba dalili: da safe sanyi ƙalau, bayan tafiyar rabin awa ya ɗauke, sai mota ta huce ya dawo. Galibi tazarar da ke tsakanin fule da faifan nan na tsakiyarsa, wato kulocin kwamfiresa, ce ta ƙaru saboda cinyewa. Tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma idan maganaɗisun ya yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu ya kasa jawo faifan. Cire 'yar washa ɗaya daga bayansa kan magance abin. A lura dai, wasu sababbin Toyota da Volkswagen ba su da irin wannan kuloci. Kwamfiresarsu kullum tana juyawa, wani bawul na lantarki ne a jikinta ke ƙara mata aiki ko ya rage. Bawul ɗin kan maƙale, kuma ana iya canja shi shi kaɗai.

A wannan mataki ne ake yin ɓarnar da na fi jin haushi, wato "bari mu yi maka dairek." A jikin bututu akwai wani makunni da ke lura da matsi. In gas ya yi ƙasa sosai ya hana kwamfiresa tashi, in matsi ya yi sama har wajen 400 a geji (ma'aunin matsi, a lissafin PSI) ya yanke ta. Ba don mugunta aka sa shi ba. Man da ke shafe cikin kwamfiresa tare da gas yake zagayawa, saboda haka in babu gas man ba ya dawowa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wanda ya tsallake makunnin ya jona waya kai tsaye ya ba ka sanyin kwana kaɗan ne, ya kuma ɗora maka kuɗin sabuwar kwamfiresa, in ma tiyo bai fashe ba. Haka wanda ya cire ɗan ma'aunin da ke jikin faifan sanyi don mota ta riƙa "ƙanƙara." Za ta yi ƙanƙarar kuwa, a jikin faifan, har iska ta kasa ratsawa. Shi ya sa za ka ga a doguwar tafiya, a ce daga Kano zuwa Birnin Kudu, iska tana raguwa a hankali har ta ɗauke, in an kashe esi na ɗan lokaci ruwa ya zubo sai ta dawo.

Sai geji. Mai gyaran da ke ɗura gas da tiyo ɗaya, yana taɓa bututu da hannu yana cewa ya kusa, lalube yake yi. Gejin kirki fuska biyu ne, shuɗi na ɓangaren tsotsa, ja na ɓangaren turawa, kuma sai an karanta su tare suke ba da labari. Mota a kashe, allurai biyun kan tsaya wuri ɗaya, kuma lambar tana bin zafin gari: wajen 97 a digiri 30, sama da 130 a digiri 40. Wannan lamba ba ta nuna yawan gas, tana nuna akwai shi ne kawai, domin ko ɗan kaɗan ya rage a ruwansa haka za ta nuna. Da an tayar da injin an kunna esi, shuɗi kan sauko tsakanin 25 da 45, ja ya hau tsakanin 150 da 250, ya ɗan wuce haka a tsakar ranar bazara. In duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. In duka sun yi sama, ko kwandensa ba ta hucewa, ko an cika gas fiye da kima, ko iska ta shiga. In shuɗi ya yi sama ja ya yi ƙasa, sun kusa haɗuwa, kwamfiresa ce ba ta matsawa. In kuwa shuɗi ya faɗi har ƙasa da sifili, akwai toshewa a 'yar ƙofar nan ko a diraya. Toshewar da ke zuwa tana tafiya yawanci damshi ne ke daskarewa a bakin ƙofar ya narke ya sake daskarewa. Cutuka huɗu ko biyar ke nan, ɗaya ce kawai ƙarin gas ke taɓawa, ita ma ba warkewa take yi ba sai an toshe yoyo.

Neman yoyo a wajenmu yana da wani sauƙi da ƙura ta kawo. Duk inda gas ya fita yana fita da ɗan mai, ƙura kuma ta manne a kai. Ka bi bututun da ido, za ka ga wani wuri ya yi baƙin tabo mai maiƙo alhali kewayensa fari fat da ƙura: a mahaɗar tiyo, a kusurwar kwandensa inda tsakuwa ta daka, a bakin kwamfiresa, ko inda bututun alminiyam ya daɗe yana gogar ƙarfe saboda gargada har ya huje. Kumfar sabulu na tabbatarwa. 'Yan bawul ɗin da ake ɗura gas ta cikinsu ma suna yoyo, musamman da yake murafunsu kan ɓace tun gyaran farko. In ba a gani ba, sai a cika bututun da naitirojin a sa ido a kan geji, ko a zuba kala mai haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Iskar mai faci ba ta dace ba, cike take da damshi. Iskar oksijin ta mai walda kuwa kada a kuskura, domin in ta haɗu da mai a cikin matsi tana iya fashewa ta kashe mutum. Kada kuma a kai wuta kan bututun da ke da gas a ciki, hayaƙin guba ne. Ruwan gas ɗin kansa in ya fallatsa a ido ko fata yana ƙonawa da sanyi.

Yoyon da ya fi wahala shi ne na faifan sanyi, don sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda. A nan ne mai tsohuwar Golf ko Sharon ta haya ya kamata ya zauna ya yi lissafi, domin kuɗin aiki da kaya na iya kai abin da motar ba za ta mayar ba.

Bayan an toshe yoyo akwai matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba gyaran shekara da na wata guda. Duk lokacin da aka buɗe bututu, iska da damshi sun shiga. Dole a jona injin zuƙe iska ya yi aƙalla rabin awa, saboda idan matsi ya yi ƙasa sosai ruwa kan tafasa ko ba wuta ya fita. Sannan a kulle a jira minti goma ko sha biyar a ga ko allura za ta motsa. In aka bar damshi a ciki, man kwamfiresa na R134a yana shanye shi, ya rikiɗe ya zama mai cin ƙarfe daga ciki. Abin da ake yi a madadin haka, a saki ɗan gas ta wannan baki ya fita ta wancan a ce an kore iska, ba ya fitar da damshi. Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba. A garin da wuta ba ta zuwa, rabin awar nan ta janareta ce, kuma mai mota da zai biya kuɗin gwangwani ba musu shi ne zai ce, "Haba Oga, duba mota kawai har sai na biya?" Muddin ba a biyan kuɗin bincike, abin da ake iya ƙirgawa a gwangwani shi za a riƙa sayar mana.

Ɗurin kansa da sikeli ake yi. A ƙarƙashin bonet akwai takarda manne da ke faɗin irin gas da nauyinsa, yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 400 da 700, masu esin baya irin Sienna sun fi haka. Ƙari a kan abin da aka rubuta rage sanyi yake yi, ya kuma wahalar da kwamfiresa.

Irin gas ɗin ma abin dubawa ne. Tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina yi bayan yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Tun daga 2017 kuma duk sabuwar mota a Tarayyar Turai ba ta fita da R134a, yawanci R1234yf ake sa musu, kuma irinsu sun fara shigo mana. Kowanne da mansa, ba a gauraya su. Matsalar da ta fi kusa da mu ita ce jabu: tukunya an rubuta R134a, a ciki R22 ne na esin ɗaki, ko gas mai kama wuta dangin na girki, ko haɗin gambiza. R22 matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da robobin mota. Mai kama wuta kuwa, in faifan sanyi ya yi yoyo cikin ɗakin mota zai zuba, inda wani zai iya ƙyasta ashana. A 2011 jabun gas mai ɗauke da sinadarin R40 ya sa injinan sanyaya kwantenonin jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, har ma'aikata suka rasu. Mai gyara na iya yin gwaji ɗaya mai sauƙi: ya ajiye tukunyar a inuwa, ya jona geji. In gari na digiri 30 allura ta nuna sama da 150 maimakon kusan 97, ba R134a zalla ba ne. Gwajin ba ya kama kowane jabu, amma yana kama wanda ya fi yawa. Gas ɗin da ya yi araha fiye da na kowa a kasuwa, akwai dalili.

In bincike ya tabbatar kwamfiresa ce ta mutu, tambayar ita ce yaya ta mutu. Wadda ta daddage daga ciki takan watsa garin ƙarfe cikin bututu duka. A zuba ɗan man cikinta a farar takarda: in ya fito baƙi ko toka-toka yana ƙyalli, to ba ita kaɗai za a canja ba. Diraya da 'yar ƙofa sai an sake, bututu sai an wanke, kwandensar zamani kuma ramukanta sun yi ƙanƙanta da yawa, ba ta wankuwa, sai sabuwa. Wanda ya ɗaura kwamfiresa kawai a kan wannan datti zai sake sayen wata kafin damina ta fita, ya kuma zagi mai kaya a banza. Wannan gwajin takarda shi za a yi wa kwamfiresa 'yar Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kafin a biya. A zaɓi wadda bakunanta ke toshe, ba wadda ta yi wata da watanni a buɗe tana shan ƙura ba. A juya ta da hannu a ji ko tana tafiya sumul, a ɗora babban yatsa a bakin turawa a ji ko tana ture shi. A kuma tambayi yawan man da ke cikinta, don ƙarancinsa na kashe ta, yawansa na rage sanyi. Masu motoci masu haɗin batir irin Prius su sani tasu kwamfiresar ta lantarki ce, manta dabam ne, in aka zuba na gama-gari ana iya jawo matsalar lantarki.

Da damina wani ƙorafin kan taso: ruwa a ƙafar fasinjan gaba. Wannan ba gas ba ne, ba kuma ruwan sama ba ne. Ɗan tiyon da ke zubar da raɓar faifan sanyi ƙarƙashin mota ne ya toshe da laka, wani lokacin ma zanzaro ne ya yi gini a bakinsa. Siririn kara ko 'yar waya mai laushi ta isa.

Ga mutumin Gwaram ko Kazaure ko Taura, amfanin sanin duk wannan shi ne ya rarrabe abin da zai ƙare a gindin bishiya da abin da ya cancanci man zuwa Dutse ko Kano. Datti da fanka da filta da fiyus da rile da tazarar kuloci duk ana iya gamawa da su a gida. Abin da ya kai ga buɗe bututu kuwa, a kira mai gyaran a waya tun kafin a taso, a tambaye shi ko yana da geji mai fuska biyu da injin zuƙe iska da sikeli. In ya ce ai shi da ido yake ganewa, a nemi wani.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane da yawa sun rufe esi sun koma sauke gilas, wasu har wata shida ba su danna maɓallin ba. Ana rage shan mai, gaskiya ne, amma robar da ke riƙe gas a bakin kwamfiresa da zobban da ke mahaɗar bututu da man nan suke yin laushi, kuma man ba ya kai musu sai gas na zagayawa. Da yawan motocin da za a kawo a Maris a ce gas ya ƙare, a watannin sanyi ya sulale ta busasshiyar roba. Kunna esi minti goma a mako, ko da hunturu ne, ya isa ya hana hakan.